Inda Suke Dakatawa

Da majami'un unguwarmu suka yarda su haɗu a zauren makarantar firamare domin yi wa ƙasa addu'a, Kawu, wanda shi ne fastonmu, ya ɗora mini jagorancin Addu'ar Ubangiji. Na karɓa ne saboda na ɗauka babu Kiristan da zai yi tuntuɓe a cikinta.

Ranar gwaji na gane kuskurena. Mun taho baki ɗaya har wurin roƙon tsari daga mugu, sai rabin zauren ya yi tsit. 'Yan Katolika sun tsaya, mu kuwa muka zarce da yabon ƙarshe, inda ake cewa mulki da iko da ɗaukaka na Allah ne, muryata tana fita a lasifika. A bencin gaba Katikis, malamin addini na cocinsu, yana zaune, ya harɗe hannuwa. Shi ne mahaifin Auta, yarinyar da nake nema, kuma tun da manyana suka je gaisuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne yana so ya ga yadda mutanenmu suke addu'a.

"Sarkin tsoro, ka ga fuskarka kuwa?" in ji Auta a bakin ƙofa. "Kamar wanda mota ta tashi ta bari."

"Me ya sa kuke tsayawa kafin ƙarshen addu'ar?"

"Haka na taso na tarar. Ka tambayi Baba mana."

"Ki rufa mini asiri."

A gida Kawu ya ja mini kunne. "Ɗana, ba a yanke wa addu'a wutsiya. In ka tsaya inda suka tsaya, dattawanmu za su ce saboda mace ka sayar da mu."

In na zarce na ɓata wa Katikis, in na tsaya na kunyata Kawu. Amma abin da ya fi cin raina shi ne tambayar kanta: yaya mutanen da aka sani da yawan durƙuso za su ƙi ba Allah ɗaukaka? Ban yarda ƙi suke yi ba. Saboda haka wata safiya, kafin in tafi aiki, na shiga cocinsu a karo na farko, na raɓe a bayan ginshiƙi. Na miƙe lokacin da suke zama, na zauna lokacin da suke durƙusawa, har wata tsohuwa ta riƙa jan gefen rigata tana gyara ni.

Da aka zo wurin a cikin Addu'ar Ubangiji, suka tsaya kamar yadda na zata. Sai Fada, limamin cocin, shi kaɗai ya ɗaga hannuwa ya roƙi salama a zamaninmu da tsari daga tashin hankali. Yana gamawa, jama'a duka suka ɗauki yabon nan namu, suka kai shi ƙarshe. Ashe ba yankewa suke yi ba, jira suke.

Na bayyana wa Kawu abin da na gani, na roƙe shi a sa addu'ar ƙasa a wannan gurbi, Katikis kuma ya yi ta. Ya daɗe yana murza gemu.

"In shirun ya yi tsawo, ni zan ɗora," ya ce.

Na aika Auta ta sanar da mahaifinta. Ta dawo ta ce ya saurara, ya ci gaba da goge tabarau.

Ranar taro zauren ya cika har tagogi, an rataye tutar ƙasa a jikin allo. Na ja addu'ar sannu a hankali. Da muka iso wurin na rufe baki, na miƙa makirufo wajen bencin gaba. Wasu matan cocinmu suka zarce da kalma biyu, suka ji su kaɗai ne, suka yi shiru. Na ji Kawu ya ja numfashi zai ɗora.

Sai benci ya yi ƙara. Katikis ya miƙe, bai karɓi makirufon ba. Da muryarsa kawai ya roƙa wa ƙasar zaman lafiya, ya ambaci manoma da direbobi da masu mulki da yaran da suka tafi neman aiki ba su dawo ba. Da ya gama ya dubi Kawu, Kawu ya ɗauki yabon ƙarshe, zauren duka ya bi shi har Amin.

Ina naɗe wayar lasifika Katikis ya tsaya a kaina.

"Kai ne na bayan ginshiƙi, ko?"

"Ni ne, Baba."

"Ba ka iya durƙuso ba ko kaɗan." Ya gyara tabarau. "Ka ce wa kawunka ina gida ranar Asabar. Ya zo da dattawan nan nasa masu sauri."