Ranar Da Ban Ce Kada Ka Tashi Ba

Ni na fara hango abin, kuma a gaban mutane na faɗa, a rumfar shayi, tun ranar da rediyo ya ce gwamnati za ta riƙa ba da tallafi ga duk gidan da ke jinyar naƙasasshe a ɗaki. Kowa ya hau murna. Ni kuwa da na ji an ce sai ma'aikaci ya zo har gida ya ga mara lafiyar da idonsa, na ajiye ƙoƙon shayina na ce, to mutanen ƙauyenmu Sangoba babu mai samu. Usto Hikmat kafinta ya yi dariya har da tari, wai Bobo Nazarali, wato ni tsohon nan, da bai san alif ba shi ne zai fassara musu dokar gwamnati. Na ce masa doka kam ban san ta ba, amma na san mu.

Ban yi makaranta ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Ƙanƙara ta taɓa zaftarowa daga kan dutse ta binne ni tare da jakina, aka tono ni da rai, jakin ne bai kai labari ba. Yaƙi ya ratsa kwarinmu ya kwashe sa'o'ina ya bar ni. A shekarar yunwa na ci ciyawar da akuya ke shinshinawa ta wuce. Duk wanda ya ga waɗannan ya san ba yunwa kaɗai ke halaka gida ba, kunya ma tana yi.

Ƙanena Daulat shi ne mai kwance a gidanmu. A zamaninsa ɗan kokawa ne, babu bikin da za a yi a kwarin nan bai dawo da rago ko jabba ba. Wata kaka yana tsinkar tuffa ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya faɗo daga kan tsani. Tun daga nan ƙafa ba ta ɗaukarsa, hannun dama kamar na aro, baki ya ɗan karkace. Matarsa ta riga ta rasu. Ɗansa Firuz yana aikin gini a Rasha, aike yau akwai gobe babu. Saboda haka komai ya faɗa kan matar Firuz, Shahlo, wadda muke kira Kelin kamar kowace suruka. Ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ba shi abinci a baki. Ta bar aikin ɗinki da take yi a gari saboda shi. Ni ina kamawa ta wajen ƙafafu, amma bayana ya riga ya tsufa, ko da yake har yanzu babu sa'ana da zai ɗauki abin da nake ɗauka.

Akwai abu guda tsakanina da Daulat. A wurinmu ƙane ba ya zama wansa yana tsaye, ko da ƙanen ya yi furfura. To tun da ya kwanta, ban taɓa taka bakin ƙofarsa ba sai na ɗaga murya tun daga tsakar gida na ce, “Yi zamanka, kada ka tashi.” Shi kuma ya amsa, “To Aka, tunda kun hana.” Aka shi ne yadda ƙane ke kiran wansa a wurinmu. Haka muke rufa wa juna asiri. Ni ne na hana, ba shi ne ya kasa ba.

Kafin maganar tallafin nan, Kelin ta riga ta gaji. Ba ta ƙorafi, amma na ga yadda take dafa bango kafin ta miƙe. Wata safiya tana shanya zanen gadonsa ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, garin alkama ya kusa ƙarewa, maganin ma haka, in babu abin da ya shigo kafin sanyi dole ta koma ɗinki. In ta koma kuwa babu mai zama da Dada, wato surukinta Daulat, sai dai a kai shi gidan naƙasassu na birni. Na san gidan nan. Na taɓa kai wa wani ziyara. Ba a dukan kowa, ana ba da abinci, amma mutanen dutse ba sa daɗewa a can. Daulat da ko tagar ɗakinsa ba ya yarda a rufe don kada dutse ya ɓace masa, wata nawa zai yi?

Da aka sa ranar zuwan ma'aikaciyar, na tara Kelin da maƙwabta na ce a bar ɗakin yadda yake, a bar Daulat yadda yake. Kamar na yi saɓo. Matan maƙwabta suka ce baƙuwa ce daga gari, so nake ta je ta ce mutanen Sangoba ƙazamai ne? Suka shafe ɗakin da farar ƙasa. Aka aro darduma daga gidan Usto Hikmat. Aka ɓoye bahon wanka da fo a bayan rumbu. Aka yi wa Daulat aski, aka sa masa jabbar da ya ciwo a kokawarsa ta ƙarshe, aka tokare shi da matasan kai ta ko'ina har ya zauna cas kamar mai jiran a ɗaura masa aure. Hannun da ya mutu aka tura shi cikin hannun jabba. Kelin da kanta ta yanka kazar da ke yi mana ƙwai, ta dafa shinkafa da karas da ɗan man da ya rage. Na ce mata, “Kelin, da hannunki kike rufe ƙofar nan.” Ta ce, “Bobo, to in bar baƙuwa da yunwa?” Sai na fita.

Ma'aikaciyar ta zo, sunanta Mohira, 'yar gari ce, ba ta da girman kai, amma da gani ta gaji, gidaje da yawa na jiranta. Aka shimfiɗa mata abinci, gurasa mai zafi, zabibi, tuffa, shinkafa tsibi guda. Ta dubi Daulat ta tambaye shi jiki. Ya dafa ƙirji da hannun hagu ya ce, “Shukur.” Ta ce yana iya cin abinci da kansa? Ya ce shukur. Yana iya zagayawa? Shukur. Tafiya fa? Shukur, 'yata, shukur. Mu nan ko ana zare wa mutum rai, in baƙo ya tambaye shi, abin da zai ce ke nan, godiya ga Allah. Don ya cika aikin ma sai da ya ɗaga ƙoƙon shayi da hagu ya miƙa mata, gumi na tsattsafo masa a goshi. Na buɗe baki zan yi magana, ya dube ni da idon nan nasa na fili, na da, wanda yake duban abokin kokawa da shi. Na juya na ƙara wa baƙuwa shayi. Ta rubuta abin da ta gani da abin da ta ji. Me kuma za ta rubuta?

Tana fita ya kife gefe guda, ya ɓata jabbar. Muka wuni muna wanki.

Amsa ta zo cewa mara lafiyar yana iya kula da kansa, ba ya cikin waɗanda za a ba. Ba mu kaɗai ba, gidan da ke da yarinya mai farfaɗiya da gidan tsohuwar da ta makance duk haka aka yi musu, don su ma shukur suka ce a kan dardumar aro. Na je rumfar shayi na zauna na sha shayina. Usto Hikmat ya yi ta juya cokali a ƙoƙon da babu sukari.

Kelin ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko tsohuwar jakar mijinta ta kakkaɓe ta rataye a ƙusa, shirin komawa ɗinki a gari, a inda Daulat zai iya gani. Ba mugunta ba ce, wurin ratayewar ke nan. Amma ya gani.

Ni na hau motar kasuwa na tafi gari, da wannan bayan nawa, a kan hanyar da ke zubar wa mutum da haƙora. Na zauna a bakin ofishin masu tallafin har Mohira ta fito. Na ce mata abin da ta gani baƙunci ne, ba ƙanena ba ne. Ta ce Bobo, ni ma a ƙauye aka haifi uwata, na san shukur, amma ba zan rubuta abin da mutum bai faɗa ba kuma ban gani ba. Ta ce za ta sake zuwa sau ɗaya, in ta sake tarar da abin da ta tarar, hannunta ya fita. Na ce ta zo da hantsi, kuma kada ta aiko a faɗa mana ranar.

Ban gaya wa kowa ba sai Kelin, ita ma na ce in ta kuskura ta hura wutar baƙi zan zuba ruwa a murhun. Ta dube ni kamar na haukace, amma gajiya ta hana ta musu.

Ranar da motar ta tsaya, ni na tare ta a bakin hanya. Ban kai ta ɗakin baƙi ba, ban shimfiɗa komai ba. Matan maƙwabta suna leƙe ta kan katanga suna ganin baƙuwa ta shiga gidan Nazarali babu ko shayi. Sai dai duk da haka na makara. Daulat ya ji ƙarar mota, kunnensa bai shanye ba. Kafin mu ƙarasa ya sa Kelin ta jingina shi da bango ta yafa masa jabbar, ita kuma ba ta iya ce wa surukinta a'a. Ina jin Mohira ta shiga ta gaishe shi, ina jin ya ce, “Shukur, 'yata.”

Na tsaya a tsakar gida. Jakar nan tana rataye a ƙusa, ina hango ta ta taga. Na san abin da ya rage, na kuma san babu mai iya yinsa sai ni.

Na taka zuwa ƙofar ban ce komai ba. Na cire takalmi, na shiga, na tsaya a kansa, hannuwana a baya. Ya ɗago yana jiran kalmar. Ban faɗa ba. Kelin ta gane, ta ce a hankali, “Bobo, ku ce masa mana.” Ban dube ta ba.

Ya jira. Da ya ga da gaske nake, ya dafa ƙasa da hannun hagu. Ya yunƙura, jijiyoyin wuyansa suka fito. Jabbar ta zame, mataccen hannun ya faɗo yana lilo. Ya sake yunƙurawa, ya ɗan ɗaga kamar faɗin tafin hannu, sannan ya tafi gaba ɗaya ta dama, fuskarsa ta bugi tabarma. Mutumin da ban taɓa ganin bayansa ya taɓa ƙasa a filin kokawa ba. Kelin ta zabura, na tare ta da hannu.

Daga nan ƙasa, bakinsa a kan tabarma, ya ce, “Aka, ba zan iya ba.”

Na ce, “Na sani. Yi zamanka.”

Mohira ta ajiye takardunta ta kama kafaɗa, Kelin ta kama ƙugu, ni na kama ƙafafu. Da Mohira ta ji nauyinsa sai ta dubi Kelin ta tambaye ta wa ke kama mata kullum. Kelin ta nuna ni da haɓa. Mohira ta ce a nuna mata bahon da fo da inda ake shanya zannuwa, aka nuna mata. Ta yi rubutunta a tsaye. Da za ta tafi Kelin ta biyo ta da gurasa a ƙunshe tana ba da haƙuri, ta karɓa don kada ta ƙara mana kunya.

Tallafin ya fito kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Ba wani abin a zo a gani ba ne, gari da magani da sabulu, sai ɗan abin da Kelin ke saya wa bayanta man zafi. Amma ta sauke jakar daga ƙusa ta zuba albasa a ciki. Daulat yana ɗakinsa, tagarsa a buɗe, dutsensa a gabansa. Sauran gidajen biyu har yau ba su samu ba, sun ce gara su haƙura da a ce sun yi irin ta Nazarali. A rumfar shayi yanzu sunana wanda ya hana baƙuwa shayi ya kuma kayar da ƙanensa a gaban mace. Usto Hikmat ne ya raɗa, shi da dardumarsa.

Daulat bai sake yi mini magana ba tun ranar. Kullum da safe nakan zo kama ƙafafu, tun daga tsakar gida nakan ce, “Yi zamanka, kada ka tashi.” Ba ya amsawa. Yakan juya fuska bango, ya bar ni in ɗaga shi kamar buhu. Jiya dai da na gyara masa matashi ya riƙe hannun rigata na ɗan lokaci kafin ya saki, ban sani ba ko riƙo ne ko kuwa yatsun ne suka maƙale. Ban tambaya ba. Na gaji, shi ma ya gaji, Kelin ta fi mu duka.

Masu cewa da akwai wata hanya mai sauƙi wadda ni jahili ban gani ba, da masu cewa ƙara gishiri nake yi, hanyar Sangoba a buɗe take har ƙanƙara ta sauko. Ku zo da hantsi, kada ku aiko. Ba za ku sha shayi ba. Zan ba ku wajen kafaɗar Daulat, ni in riƙe ƙafafun da na saba, mu ga wanda zai fara cewa a sauke.