Hanyar Hagu

Tsakanin garin da kamfanin yake da babban birni, minti hamsin ne a jirgi, awa tara a mota. Manaja ya san minti hamsin ɗin, direbansa ya san sauran. Duk tafiya, direba kan riga shi tashi da kwana ɗaya, ya kai mota babu kowa a ciki, don kawai Manaja ya sauka daga jirgi ya tarar da kujerar da bayansa ya saba da ita.

A irin wannan tafiyar ce mahaifin direba ya rasu a asibiti. Kafin tashi, direba ya roƙi a ɗaga masa ranar saboda jikin tsohon ya yi tsanani, Manaja ya ce, "Haba, nan da can? Jibi kana gida." Jibin ya dawo ya tarar an binne. Manaja ya yi masa ta'aziyya ta saƙon waya, layi ɗaya da rabi.

Bayan wata bakwai aka kira Manaja babban birni, ganawar neman kujerar shugaban kamfani, ƙarfe biyar na yamma. Can za su tarbe shi da motarsu, don haka direba filin jirgi kawai zai kai shi. Ƙarfe bakwai na safe aka soke jirgin.

"Za mu isa a mota?"

"In mun tashi yanzu, Yallaɓai, huɗu da rabi muna can."

Da tsakar rana suka iso inda hanya ta rabu biyu. Direba ya sa sigina zai bi dama.

"Dakata," in ji Manaja, idonsa a kan taswirar waya. "Ta hagu ta fi gajarta da kilomita sittin. Dubi, miƙaƙƙiya ce. Ashe shekara da shekaru yawo kake yi da motata."

Direba ya san ta hagu kamar yunwar cikinsa. Akwai gada a gaba da ake gyarawa, hannu ɗaya ake bi, manyan motoci kan kwana a layi. Maganar ta zo masa har bakin leɓe. Ya dubi madubi, ya ga maigidan yana gyara wuyan riga.

"Yadda ka ce, Yallaɓai."

Ƙarfe biyu suka tsaya bayan wata tirela mai ɗauke da shanu. Ƙarfe uku tankar mai ta toshe su ta baya. Wayar ba ta kama sabis, taswirar kuwa tana nan miƙe sambal. Manaja ya cire kwat, ya fita ya yi wa wani direban tirela bayanin ko shi wane ne. Mutumin ya saurare shi da ladabi, ya ci gaba da wanke ƙafarsa.

Biyar da kwata Manaja ya dawo mota, rigarsa sharkaf.

"Ka san da gadar nan?"

"Na sani."

"Ka yi shiru?"

"Ni wa, in yi musu da mai ilimi?"

"To ka bar aikina. Yanzun nan."

Direba ya kashe mota, ya ajiye makulli a kan kujera, ya ɗauki 'yar jakarsa. Rabon Manaja da riƙe sitiyari shekara ashirin. Layin ya motsa taku goma, tankar ta danna hon.

"Malam direba," in ji Manaja ta taga, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗan'uwa."

Direba ya tsallaka titi, ya ɗaga wa motar haya mai komawa gida hannu.