Birkin da Mansur bai taka ba

Tun da aka kawo gawar Mansur Matameye, matarsa Jannatu ta kasa zama wuri ɗaya. Tana takaba, ba halin fita, sai zagaye tsakar gida. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta ɗora tukunya ta manta da ita.

Abin da ke cin ranta maganar Ummaru ce, wan mijinta, direban taksin Damagaram. Duk wanda ya zo gaisuwa, a zaure zai shaida masa ganganci ne ya kashe ƙaninsa. Jirgin sama mai inji biyu yake tuƙawa, ɗaya ya mutu tun ana gudu a ƙasa, me ya hana shi taka birki? Shi ko tari motarsa ta yi, gefen hanya yake gangarawa. Magana ta bi tasha ta shiga kasuwa, har ƴaƴanta sun fara dawowa gida da ita.

Ran nan sai ga Inusa, matuƙin da ke gefen Mansur a jirgin, hannunsa a ɗaure. Jannatu ta tsaya bayan ƙofar zaure, ba ta ma bari ya gama gaisuwa ba.

"Malam Inusa, don Allah, me ya sa bai tsaya ba?"

Inusa ya juyo wajen ƙofar. Sannan ya ce akwai gudun da in jirgi ya wuce shi, ragowar fili ba ta isa a tsaya, ko inji ya mutu sai an tashi, su kuwa sun riga sun wuce shi. A sama ma akwai gudun da dole a riƙe. In aka ɗaga hanci da yawa gudu ya ragu, injin da ke aiki sai ya kifar da jirgin ta wajen mataccen. Ranar an yi zafi, jirgin ya ƙi hawa. Mansur ya sauke hanci don kada gudun ya kuɓuce, ya nufi wata gonar hatsi. Fasinjoji kowa da ƙafarsa ya fita. Mansur kaɗai ne bai fita da rai ba.

"Da ya taka birkin fa?"

"Da cikin gidajen mutane muka ƙare."

Ummaru ya gyara murya, ya fara cewa ai shi a mota ya saba.

"Yaya, jirgi ba taksinka ba ne," in ji Jannatu. "Kai ka kai maganar nan tasha, ni kuwa ba ni da halin fita. Tashi ka kai Malam Inusa can, ya faɗa musu a gabanka."

Ummaru ya dubi baƙon, ya dubi ƙofa, sannan ya jawo takalmansa. Tana nan tsaye har ta ji motarsa ta tashi.