Hoton da Ba Kowa a Ciki

Damina ce ta jawo mana. Ruwan Fatakwal ya jiƙa bangon ɗakinmu har ya fitar da wani baƙin tabo daidai saman katifar ɗana Aslam, mai shekara uku. Tun ranar da ya ce tabon na kallonsa ya daina kwanciya a wurin, sai dai a jikina. Ni kuwa ga tsohon ciki.

Na goge, na shafa fenti, tabo ya dawo. Sai na yafa mayafi na hau keke Napep zuwa Rumuokoro, wurin wani mai sayar da madubai da hotunan bango.

Na ce, "Oga, wanda ba mutum, ba dabba, ba tsuntsu nake so. A ɗakin muke salla."

Ya zaro wani mai firam ruwan zinare. Ja ne da ruwan ɗorawa, da layuka kamar kaza ta taka fenti ta yi yawo.

Ya ce, "Madam, wannan ko wanda ya zana shi bai san mene ne ba."

Na biya da sauri.

Da la'asar Baban Aslam ya dawo daga kasuwar albasa, ya kafa ƙusa, ya rataye hoton a kan tabon, ya ja da baya.

"Maman Aslam, ai saniya kika sayo. Ga tozo nan."

Muka juya shi gefe. Ana haka maƙwabciyata Maman Ikram ta leƙo aron rariya.

"Lah! Mai gidan hayarmu! Wallahi shi ne, dubi tumbin."

Muka kifa shi kai ƙasa, aka kira Baba Arzika ladan ya duba mana. Sai da ya gama gaisuwa tsaf, ya tambayi mutanen gida har na Gusau, sannan ya ɗora tabarau.

"Jirgin ruwa ne. Jirgi ba shi da rai, ba laifi." Ya ƙara matsawa. "To amma wancan da ke tuƙi fa?"

Gefe ɗaya ya rage mana. Na juya da hannuna ina addu'a, na hana kowa magana, na ɗauko mai katifar. Aslam ya tsaya da yatsa a baki, ya daɗe yana kallo.

"Umma, indomi."

"Har da ƙwai," in ji babansa a hankali.

Duk muka waiwaya ga Baba Arzika. Ya shafa gemu. "Ƙwai dai bai kai ga rai ba tukuna."

Aslam ya haye katifarsa ya miƙe ƙafa. Yanzu yana barcinsa lafiya lau, ni ma bayana ya huta. Sai dai ba ya rufe ido sai an dafa masa irin ta bango, kuma rabin ribar albasa a kan ƙwai yake ƙarewa. Jiya Maman Ikram ta buɗe baki za ta ce ta hango wani abu a kusurwar hoton, na miƙa mata rariyarta, wadda ma tawa ce, na raka ta har ƙofa.