Ɗakin da Arzika Ya Ɗora Kan Taya

"Dudu, ɗebo mini wuta cikin kaskon ga, hannuna ya ƙage!"

Ruwa ake tsugawa a Wara kamar da bakin ƙwarya. Dudu ta ɗago kai daga bandar kifinta, ta ga maƙwabcinta Arzika tsaye bayan danga, buhu kife a ka, yana miƙo mata kasko.

"Ina za ka da wuta cikin ruwan ga?"

"Ciki zan shiga in rufe, in ga ko akwai inda ka yoyo. Yau ce ranar gwaji."

"Kai dai da wannan akurkin naka! Jirgi ne ko ɗaki?"

"Ranar da kika ga bayanmu kya sani," ya ce yana dariya.

Ta tona murhu ta zaɓo masa garwashin kirya, jajaye, masu daɗewa ba su mutu ba, ta cika kaskon har baki. Arzika ba mutumin da za a yi wa rowar wuta ba ne.

Masassaƙin jiragen ruwa ne, rabin kwale-kwalen da ke bakin tafki daga hannunsa suka fito. Amma tun bara ya ajiye aikin mutane ya kama wannan. Matarsa Yasira ta daɗe a kwance, ƙafafu sun shanye, ko zama aka ɗaga ta sai ta yi ƙara. Ɗiyarsu ɗaya tilo, Murjanatu, miji ya tafi da ita su can Baga, bakin tafkin Chadi, ta haihu har sau uku uwar ba ta ga ko ɗaya ba. Yasira ba ta roƙon komai a duniya sai ta ga yaran nan kafin ta mutu. To wace mota za ta kai mace a kwance daga Wara har Baga?

Sai Arzika ya ce shi zai kai ta. Ya sayo ƙafafun wata matacciyar Landiroba da sifirin ɗinta daga Yelwa, ya ɗora katako, ya tayar da ɗan ɗaki mai gado ɗaya, da wurin tulu da wurin tukunya, don duk inda dare ya yi musu a daji nan ne masauki. Jibrin direba ya yarda zai ja da tasa motar da zarar ruwa ya ɗauke. A damanar nan gari kowa zancen sabuwar jiha yake, an raba Kabi da Sakkwato, shi kuwa Arzika ko a jikinsa, ƙusa yake bugawa.

Kuma hannu ba ya manta sana'arsa. Yadda yake toshe jirgi haka ya toshe tirelar nan, wato ɗakin kan taya: kowace tsaga ya cusa auduga, ya bi da kwalta, ya danne da langa-langa. Ƙofar ma sai da ya zagaye ta da robar tsohuwar taya. Taga ya bar ta sai ƙarshe, bai kai ga yankawa ba.

Dudu ta ji ya ja ƙofar, ɗif. Ta koma kan kifinta.

An kira la'asar, an idar, ruwa ya tsagaita. Sai ta ji muryar Yasira daga ɗakinta.

"Dudu! Ke Dudu! Leƙa mini mutumin ga, ban ji ya yi alwala ba."

Dudu ta tsallaka ta buga katakon. "Arzika, barci kake? Tashi, ɗakin naka ya ci jarrabawa!" Shiru. Ta sake bugawa da ƙarfi, ta ja marfin, ko motsi. Ta fita da gudu ba mayafi, ta iske Jibrin a bakin masallaci.

Da ƙarfen cire taya ya ɓalle ƙofar. Wani zafi mai nauyi ya buso musu, Jibrin ya ja baya yana dafe kai. Arzika na kwance kan gadon da ya yi wa matarsa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, hula a ƙirji, kamar mai hutun rana. Kaskon na gefensa, garwashin ya zama toka. Ko ɗigo ɗaya bai shiga ɗakin ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," Jibrin ya ce, ya durƙusa cikin taɓo.

Ba wanda ya je ya faɗa wa Yasira. Salatin ya ishe ta.

Malamin asibiti ya ce iskar gawayi ce, a rufaffen wuri ba ta barin mutum. Masunta suka yi ta jinjina kai. Wane ne cikinsu bai taɓa kwana da kaskon wuta a jirgi ba? Tun kakanni haka ake yi in sanyi ya kama mutum kan ruwa, sai dai shi jirgi sama a buɗe yake.

Dudu kuwa abinci ya gagare ta. Wayyo, da ma ragowar toka ta ba shi! Ita da hannunta ta tsaya tana zaɓe. Har aka yi addu'ar uku ba ta iya haɗa ido da Yasira ba, ruwan zafi kawai take kawowa ta ajiye ta juya.

An ba direbobin kifi saƙo su kai Baga, Allah kaɗai ya san ranar da zai isa. Yasira ta shiga takaba, ba fita. Jibrin ma ya faɗa a gaban mutane, yana share hawaye, cewa shi dai ba ya iya jan abin nan, ko bayan takaba. Ba wanda ya ga laifinsa.

Da 'yan gaisuwa suka watse, Yasira ta kamo zanen Dudu.

"Zauna. Wuta ya roƙa kika ba shi. Da kin hana shi da sai mun yi faɗa ni da ke."

Dudu ta fashe da kuka.

"Ya isa. Kira Larai ku ɗauke ni. Shekara guda ina jin bugun abin ga ta bango, ban taɓa ganinsa ba."

"Haba Yasira, a ciki fa..."

"Na sani. Ku kai ni."

Dudu da Larai, matar Jibrin, suka ɗauko ta cikin tabarma, suka shimfiɗe ta kan gadon, ƙofa a wangale. Gadon daidai tsawonta. Ta shafa bangon katakon a hankali, ta kamo wata igiya da ya ɗaura saitin hannunta don ta riƙa juyawa, ta riƙe.

"Ya ce mini ko kan duwatsu muka bi ba zan ji a bayana ba," ta ce. "Dudu, ɗan girgiza mini in ji."

Dudu ta fita ta sa kafaɗa a jikin tirelar, ta tura, ta saki. Ɗakin ya yi lilo a hankali, sifirin na ɗan kuka.

"Bai yi ƙarya ba," Yasira ta ce daga ciki. "Ƙara."

Dudu ta ci gaba da turawa, hawaye na bin katakon. Tayoyin na nan inda suke, da duwatsun da ya tokare su. Yasira ta rufe ido, igiyar na hannunta, kaji na tsattsagar ƙasa ƙarƙashin ɗakin.