Fuskar Wafa a Wayar Munzali

Munzali bai ji tsoron Allah ba, kuma ni shaida ce. Na tura ƙofar ɗakin da kwanon miyar shurba a hannuna, na same shi tsugune gefen gadon matar kakansa, ya saita mata waya a fuska. Kanta ba ɗankwali, farin gashinta ya baje a kan matashi.

"Yalla ya Sitti, sake yi," yake ce wa tsohuwar, yana haɗawa da Larabci. "Na sarauniyar nan da ta sha guba. Kama wuya ki faɗi."

Tsohuwa ta kama wuyanta, ta yi wata doguwar magana da Turanci, ta langaɓe. Ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai, marar kunya! Ajiye wayar nan!"

"Ya Hajja, sana'arta ce fa. Mutane na so."

Wafa, matar kakan nasa, Baturiyar Ingila ce. Da ƙuruciya 'yar wasan kwaikwayo ce a Landan, a dandamali da talabijin, kafin ta musulunta ta auri marigayi Alhaji Falalu mai shagon darduma, ta tare nan unguwar Tandabawi a Makka, ƙofarta na kallon tawa. Ba ta haihu ba. Ba ta taɓa zagin tsohuwar sana'arta ba, ni kuma ban taɓa yaba mata ba, a haka muka zauna lafiya.

Wata rana muna tsintar shinkafa ta ce da ni, "Mairama, mutuwa a dandamali ba wuya. Na mutu ba adadi, na tashi na hau bas na tafi gida. Mai wuyar shi ne ki zuba shayi kamar ba mai kallonki. Wannan sai a gidan nan na iya shi." Tun da ta sa niƙabi ta ƙone hotunanta kaf. Abu ɗaya ta roƙi dangin mijinta: kada fuskarta ta sake shiga idon baƙi.

Da hankalinta ya fara gushewa, tsoffin wasanninta suka dawo bakinta. Munzali ya ɗauka ya watsa. A kasuwar Utaibiyya na ga mata sun yi cincirindo kan waya ɗaya, suna dariya har da tafi. Na kai ƙararsa wurin ubansa, ya ce yaro ne. Yaron da gemunsa ya cika fuska.

Ranar da za ta rasu, bayan la'asar, hankalinta ya dawo tangaram. Ta riƙe hannuna.

"Mairama, yaron nan ya ɗauke ni?"

Ni ba na ƙarya, ko ga mai mutuwa. Na ce, "Ya ɗauka."

"Kaina a buɗe?"

"A buɗe."

"Maza sun gani?"

"Sun gani."

Ta juya fuska bango. Can ta ce, "Rufe ni." Na ja mayafi na lulluɓe mata kai. Daga ƙarƙashinsa na ji shahadarta. Ni na yi mata wanka, aka yi mata salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Shara'i.

A nan Makka idan an yi rashi, ana jera kujeru a lungu don zaman aza, wato zaman makoki. Mazan gidan su tsaya a sahu, masu ta'aziyya su bi su ɗaya bayan ɗaya suna ba su hannu. Munzali ya shiga sahu da farar taguwa, ido jawur kamar gaske. Ta taga nake kallo.

Liman ne ya fara. Ya gaisa da uban, ya gaisa da baffan, ya zo kan Munzali ya wuce zuwa na gaba. Mai gidana Ma'aruf ya yi haka. Mai gasa burodi ya yi haka, har direban motar gawa. 

Har kwanakin aza suka ƙare, ba mutum ɗaya a Tandabawi da ya kama hannunsa. Ranar ƙarshe ma'aikata suna ta loda kujeru a mota, yana zaune a kan wadda ta rage, finjalin gahawa ya huce a hannunsa.