Hannun Gaisuwa

Da za a yi wa Delbert allurar rigakafin mura, hannun hagu ya miƙa, wai ba ya aikin komai da shi. Allurar ta shiga can sama, kafaɗar ta ƙi ɗaguwa har wata bakwai.

Lauyar da ke nema masa diyya ta ce, "Baba, me ka rasa? Faɗa mini in rubuta."

Ya lumshe ido. Ga shi a tsohuwar motarsa tsakanin gonakin masarar Nebraska, hannun a waje yana iyo cikin iska, yana ɗaga wa duk wanda ya gifta.

"Baba?"

"Rubuta, 'yata: shekara arba'in ina gaida jama'a, yanzu maƙwabta cewa suke Delbert ya yi girman kai."